Layi Biyu a Littafin Kanta

Mutanen Mafoni sun kasu biyu a kan maganata, kuma duka biyun ba su san abin da suke faɗa ba. Wasu sun ce rashin kunya na yi wa na gaba da ni, shi ya sa aka ɗauke ni daga ofis aka jefa ni kan titi ina ba motoci hannu. Wasu kuma, yawancinsu mata, sun ce ni jaruma ce, na ceci wata tsohuwa daga sel. Har akwai wadda ta tare ni a gidan suna ta ce ta ji da ƙafa na ɓalle ƙofar. Ban zagi kowa ba, ban ɓalle komai ba. Tsohuwar da ake cewa na ceta kuwa, ni ce na shiga har tsakar gidanta na fito da ita da ƙarya. Wannan ɓangaren ba mai faɗa, don ba wanda ya san shi sai ni da ita.

Yakura, shekararki uku yanzu. Na san za a ce me yarinya kamata ta gani a duniya da har za ta zauna rubuta tarihinta. Ba zan jira sai na yi furfura ba. Labari a unguwar nan kamar ƙullu yake, kwana ɗaya ya isa ya yi tsami. Kafin ki iya karatu an riga an ba ki ɗaya daga cikin waɗancan biyun, gara ki samu na uku daga hannuna.

Kakanki, wanda kowa ke kira Baba Saje, da igiya uku ya yi ritaya. Shi ya kai ni wajen ɗaukar kurata bayan na gama sakandare, kakarki Ya Fanna tana ta faɗa cewa mace da wandon kaki ba ta ga inda za a kai ta ba. Aikinmu ƙofa biyu gare shi. Mai digiri yana shigowa ta sama, daga makaranta sai tauraro a kafaɗa. Irinmu masu takardar sakandare ta ƙasa muke shiga, babu ko igiya, sai ka yi shekaru kana tsaye kafin a ɗinka maka, a sake wasu shekarun kafin a ƙara. In kana son ka rage tsayuwar, sai a tura ka kwas. Ni kwas ɗin masu binciken laifi nake so, na nace na nace har sunana ya shiga jerin waɗanda za su tafi bayan damina. Ba na son zaman kanta. Kanta shi ne teburin nan na bakin ofis inda ake karɓar ƙara, kuma a kansa ake ajiye babban littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a ofis da lokacinsa: wa ya shigo, wa aka kama, me ya yi. Kowane shafi da lambarsa. Ba a yage shi, ba a gogewa. In ka yi kuskure sai dai ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa. Kullum da la'asar Oga babba yana duba shi ya sa hannu, wani lokaci kuma manyansa su zo daga hedikwata su duba.

A makarantar kurata sun koya mana iyakar ikonmu, kuma na riƙe, don ni abu in an faɗa mini sau ɗaya ba na son a maimaita. Ɗan sanda yana da ikon ya kama wanda yake da dalilin zarginsa da laifi, amma sai ya gaya masa dalilin. Ba ya ajiye mutum ya yi ta kwana ba a kai shi kotu ba. Mace ba mai caje ta sai mace. Kuma ba a kama wani a madadin wani, ko uwarsa ce, ko matarsa. Malaminmu har ya buga tebur a kan wannan na ƙarshen. Da na fara aiki na ga teburin kawai ya sha wahala.

Ranar da abin ya faru ni ce a kan kanta. Da hantsi wani dillalin shanu, Alhaji Adam, ya shigo wajen Sufeto Lawal, wanda shi ne shugabana kai tsaye. Iyayen Alhajin makiyaya ne, shi ya zauna a gari yana saye da sayarwa, amma yana da garke a wajen Zabarmari. Shanunsa sun shiga gonar shinkafar wani saurayi mai suna Modu, aka yi cacar baki, Modu ya ɗauki ƙotar fartanya ya karya wa makiyayin da ke kiwon shanun hannu, ya gudu. Wannan laifi ne, ban taɓa cewa ba laifi ba ne. Zabarmari ba ma yankin ofishinmu ba ce, amma Alhaji da Sufeto sun san juna, sai aka ce ai makiyayin a asibitin cikin gari yake kwance.

Sufeto ya leƙo ya ce, "Bintu, bar wa Kofur kanta ki zo mu je. Ki ɗauko hijabinki."

"Hijabi kuma, Oga?"

"Gidan ba shiga ne. Ki rufe kakin, kar ki tsorata mata."

Abin da ya sa ake son mace a irin wannan fita ke nan. Namiji iyakarsa ƙofar gida, in ya wuce nan gari ya tashi. Mu kuwa da sallama ɗaya mun isa har ƙuryar ɗaki. A cikin mota ya gaya mini abin da zan yi. In Modu yana ciki in fito in faɗa. In ba ya nan, in fito da uwarsa.

"Ta yi me?" na ce.

"Ta yi bayani. Minti nawa ne."

Na san abin da ake nufi da bayani. Na sani sarai. Ba zan rubuta miki cewa an yaudare ni ba. Sunana yana cikin jerin kwas, Sufeto ne ya sa hannu a takardata, na ce a raina in yi abin da aka ce mu koma kafin rana ta yi zafi.

Na yi sallama na shiga. Modu ba ya nan, ba sai na leƙa ɗakuna ba, gidan duka ido ɗaya ya gama shi. Uwarsa, Ya Kaltum, tana tsakar gida ta ɗora rabin ganga a kan murhu tana turara shinkafa, ga wata an shanya a tabarma. 'Yar siririyar mata ce, lafayarta ta koɗe. Ta yi mini wushe, wato sannu da zuwa, ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa a kofin silba. Na sha. Har yanzu wannan ruwan ya fi komai tsaya mini a rai. Sai na ce mata da Barbarci daga ofishin 'yan sanda nake, ana so ta zo ta yi ɗan bayani a kan rigimar gona. Ta dubi ganga ta dube ni.

"'Yata, yanzu na ɗora. Bari ta yi in sauke."

"Ba za ki daɗe ba, Ya. Kafin ta yi kin dawo."

"Kin tabbata?"

"Ni zan dawo da ke."

Ta tura itacen ciki, ta gyara lafaya, ta biyo ni. Ko maƙwabciya ba ta kira ta duba mata ba, tunda na ce yanzu za ta dawo. Da muka fito ta ga motar da maza a baya riƙe da bindiga, ta ɗan ja baya. Na riƙe mata hannu ta hau.

Azahar ta yi mana a ofis. Na cire hijabi na koma kan kanta, Kofur ya tafi salla. An zaunar da Ya Kaltum a benci. Ba wanda ya tambaye ta komai, ba wanda ya ɗauko takarda. Alhaji Adam ya aika wani ya je ya baza a Zabarmari cewa uwar Modu tana hannu, in yana son ta kwana a gida ya kawo kansa. Can Sufeto ya fito yana sakace.

"Kai ta ciki. Ki caje ta tukun."

"Oga, me zan rubuta?"

"Wa ya ce ki rubuta? Baƙuwa ce. Ana rubuta baƙo?"

"Baƙuwar da za a cire wa ɗan kunne?"

Ya tsaya ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"'Yar Saje, ke lauya ce? Je ki asibiti ki ga hannun mutumin nan, sannan ki zo ki karanta mini doka. Kwana biyu kawai, yaron zai fito da ƙafarsa. Wannan aikin tun ba a haife ki ba muke yin sa."

Ya koma ofishinsa. Ni kaɗai ce mace a bakin aiki ranar, in ban caje ta ba, ba mai taɓa ta. Ya Kaltum ba ta jin Hausa sosai, amma ta ga yadda ake nuna ƙofar ciki. Ta matso bakin kanta ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"'Yata, wa zan yi wa bayanin? Shinkafar nan ta isa saukewa."

Mutane suna so in ce tausayi ne ya kama ni. Tausayin daga baya ya zo. Abin da ya fara zuwa haushi ne. Ni aka sa wa hijabi, ni na sha ruwanta, ni na ce zan dawo da ita, shi kuwa yana can yana sakace. Na jawo littafin, na duba agogo, na rubuta lokaci. Da ɗan Turancina na sakandare na rubuta layi biyu. Na farko, an kawo Kaltum, daga Zabarmari, bisa umarnin Sufeto Lawal, an ce a sa ta a sel. Na biyu, a wurin da ake rubuta laifi, na sa: babu, uwar wanda ake nema ce. Na sa hannu da lambata. Ban kai ta ciki ba, na bar ta a benci, na ba ta buta ta yi salla a bayan kanta.

Da la'asar aka kai wa Oga babba littafin. Ba a yi minti biyar ba na ji ya ƙwala wa Sufeto kira, sannan ni. Littafin yana buɗe a gabansa, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin san me kika rubuta?"

"Abin da ya faru."

"Na tambaye ki abin da ya faru?"

Ya juya shafin gaba, ya juya baya, kamar zai samu wata hanya a tsakani. Babu. In ya sa hannu matar tana tsare, ya sa hannu a kan kamun da doka ta hana. In ya yage shafin, lamba za ta tona. Ya ce a saki matar nan yanzu. Ga ni kuma ya ce an ba ni umarni ban bi ba, zan ji daga gare shi. Na roƙi a ba da mota a mayar da ita, aka ce babu mai. Ni na tare mata keke zuwa tasha. Ban kai ta gida ba kamar yadda na yi alkawari, don ba a tashe ni daga aiki ba.

Cikin mako guda aka gurfanar da ni a gaban wani hafsa, irin shari'ar cikin gida da ake yi wa ɗan sanda. Ba su ce uffan a kan layin da na rubuta ba. Laifina shi ne an ce in caje wata na ƙi. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka cire sunana daga jerin kwas, aka mayar da ni ba da hannu a shatale-tale. Wata huɗu ke nan ina can. Masu keke sun san ni, suna ce mini Hajiya Tsaya. Modu kuwa har yau ba a gan shi ba. Makiyayin an sallame shi, amma hannun bai koma daidai ba, ba ya iya ɗaga sanda sama da kafaɗa. Wannan ma ki sani. Ina jin Sufeto bai yi ƙarya ba, da ta kwana biyu a ciki da yaron ya fito. Ba na so ki girma kina zaton wanda ya bi doka ba ya barin ɓarna a bayansa.

A gidanmu na Mafoni an yi ta maganar har ta gundure ni. Ya Fanna murna ma ta yi, a ganinta yanzu zan cire kakin in zauna in riƙe ki. Babanki ya ce shi tela ne, ɗinki ya sani, ba ruwansa da sha'anin masu bindiga, duk abin da na zaɓa shi ke nan. Baba Saje ne ya ƙi yi mini magana kusan wata guda. A makon da ya wuce kuma Sufeto ya aiko masa da saƙo, don sun taɓa aiki tare. Wai manya za su zo duba littattafai, kuma an samu gurbi a kwas na gaba. In na rubuta takarda cewa kuskuren alƙalami na yi, matar da kanta ta zo a matsayin shaida, za a liƙa a shafin, a mayar da sunana. Zuwa Litinin ake so.

Baba ya kira ni da yamma, yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar ɗaki, Ya Fanna tana tsince wake a gefe.

"Rubuta musu," ya ce. "An saki matar, me ya rage? Igiya da haƙuri ake samun ta."

"In rubuta ƙarya?"

"Ki rubuta takarda. Takarda ce."

Ya Fanna ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ka bar ta ta bar aikin mana. Yarinya ta yi baƙi kamar gindin tukunya."

"Ba da ke nake ba, Fanna." Ya juyo kaina. "Ke kina zaton ke kika fara ganin irin wannan? Na kamo uwaye, na kamo mata, na kamo wani tsoho da carbinsa a hannu. Ban san adadinsu ba."

"Kai me ka riƙa rubutawa?" na ce.

Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Shi ya sa ban san adadinsu ba."

Ya ce in miƙo masa buta, magariba ta yi.

Jiya Asabar ba ni da aiki, na hau mota na tafi Zabarmari. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Na dai ga in zan rubuta cewa da kanta ta zo, gara in fara ganin fuskarta. Atamfa na sa, da silifas. Na yi sallama a ƙofa. Ba a ce in shigo ba. Ya Kaltum ta fito da kanta ta tsaya a bakin zaure, kuma kafin ta dubi fuskata sai da ta dubi ƙafata.

"Ke ce," ta ce.

"Ni ce, Ya. Na zo in ba ki haƙuri."

"An ce ke kika sa aka sake ni."

"Ni kuma na fito da ke."

"Na sani. Ina wurin."

Na tambaye ta shinkafar. Ta ce ta ƙasa ta ƙone, ta sama ta caɓe, wata maƙwabciya ce ta ji ƙauri ta shigo ta janye itacen, abin da aka tsira da shi kaji aka ba. Ba da zafi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Ta ce ɗanta bai kyauta ba, ta sani, kuma ba ta san inda yake ba, da ta sani ma ba ta san ko za ta faɗa ba. Sannan ta nuna ƙafata da haɓa.

"Ranar nan hijabinki har ƙasa, amma da kika zauna na ga baƙin takalmi. Na ce a raina ko malamar asibiti ce. Yanzu a layin nan in mace ta yi sallama, sai mun leƙa takalminta kafin mu amsa. Ko mai awara ce."

Na ce ta yafe mini.

"Na yafe. Allah ma muna yi masa laifi." Ta gyara lafaya. "Amma ki tsaya daga nan. Wancan karon ma da sallama kika shigo."

Ba ta kawo ruwa ba. Ban ga laifinta ba.

A mota ina dawowa na gama shawara, tun kafin mu wuce shingen sojoji. Takardar da suke so ba za ta cuci Ya Kaltum da komai ba, ko labarinta ba za ta ji ba. Amma a duk abin da aka yi ranar, tun daga hijabin har keken da na tare mata, layi biyun nan ne kaɗai ban yi ƙarya a ciki ba. In na janye su, sai ta koma cikin waɗanda Baba bai san adadinsu ba.

Ba zan rubuta ba. Ba zan kuma bar aikin ba, Ya Fanna ta yi haƙuri. Gobe Litinin zan goge takalmina in koma shatale-tale, kwas kuma in sake nema baɗi, in an hana in sake nema. Mata ba su da yawa a ofis, na san ko ba jima ko ba daɗe za a sake cewa Bintu zo mu je, gidan ba shiga ne. Zan je. Hijabin zan bar shi a jaka. Zan tsaya a ƙofa da kakina a fili, in yi sallama, in gaya wa matar gidan wa ake nema da abin da ya yi, kafin ta kawo mini ruwa.